Yadda 'yantattun bayi suka yi karatu a ƙauyukan kudancin Amurka

Wani malamin firamare da ke koyarwa a karkara ya aiko mini da tambaya. Ya ce ya ji labarin bayin Amurka da aka 'yanta bayan yaƙin basasarsu, kuma abin da ke ɗaure masa kai shi ne yadda mutanen da suka fito daga bauta ba gona ba ko sisi, akasarinsu a ƙauye, suka samu karatu. Wa ya gina musu makarantu? Wa ya koyar da su? Shin da gaske ne Turawan arewacin ƙasar ne suka yi musu komai?

Malam, da tambayarka ta ƙarshe zan fara, domin a nan ne aka fi yi wa tarihin nan kwaskwarima. Turawan Arewa sun taimaka, cikinsu har da waɗanda suka ƙarar da rayuwarsu a wannan aiki, kuma ba zan rage musu ko ƙwayar zarra ba. Amma a ƙauye, inda mafi yawan mutanen suke, su 'yantattun ne suka fara makarantar, su suka sare itacen ginin, su suka ciyar da malami. Taimakon gwamnati ya zo daga baya, ya tsaya galibi a garuruwa, bai kuma wuce shekara biyar ba ya janye.

Sai ka san inda aka fito kafin ka ga girman abin. A ƙidayar 1860 bayi a Amurka sun kusa miliyan 4. A jihohi da yawa na Kudu, hana su karatu doka ce rubutacciya. Karolina ta Kudu ta kafa ta tun 1740, shekara guda bayan tawayen bayi na Stono, ta yanka tarar fam 100 ga duk wanda ya koya wa bawa rubutu. Karolina ta Arewa a 1830 ta ce bawan da aka kama yana koya wa ɗan'uwansa karatu bulala 39 ce hakkinsa. Bayan tawayen Nat Turner a Bajiniya a 1831, jihohi suka ƙara ɗaure tamau. Iyayen giji sun san abin da suke tsoro: bawan da ya iya rubutu zai rubuta wa kansa takardar izinin tafiya ya sulale, wanda ya iya karatu kuma zai ga abin da jarida ke faɗa game da 'yanci. Duk da haka ana satar karatun. Susie King Taylor, wadda aka haifa cikin bauta a Jojiya a 1848, ta ba da labarin yadda take zuwa gidan wata baƙar mata a Savannah da littafinta naɗe cikin takarda kamar saƙo, yara suna shiga ɗaya bayan ɗaya don kada 'yan sanda su lura. Masana tarihi suna kiyasin cewa waɗanda suka iya karatu ta irin wannan hanya ba su wuce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ba. Ka riƙe waɗannan 'yan tsirarun a ranka, su ne irin da aka shuka daga baya.

Tun yaƙin basasa tsakanin Arewa da Kudu bai ƙare ba aka fara. A watan Satumba na 1861 wata baƙar mata da ba ta taɓa bauta ba, Mary Peake, ta riƙa tara waɗanda suka gudo sansanin sojan Arewa kusa da Hampton a Bajiniya, tana koya musu a gindin wata ƙatuwar bishiya da har yau tana nan. Tarin fuka ya ɗauke ta a farkon 1862. A watan Nuwamban 1861 kuma sojan ruwan Arewa suka kama Port Royal a gaɓar Karolina ta Kudu, masu gandaye suka tsere suka bar bayi wajen 10,000 a tsibirai. Nan Laura Towne da Ellen Murray suka buɗe makarantar Penn a tsibirin St. Helena a 1862, da farko a wani ɗaki na gidan gandu, sannan a cikin cocin bulo, Charlotte Forten, baƙar fata daga Filadelfiya, ta zo ta haɗu da su. Towne ta zauna a tsibirin har ta rasu a 1901. A wannan shekara ta 1862 ita ma Susie, tana 'yar shekara 14, ta tsira zuwa tsibirin St. Simons, tana koya wa yara kusan 40 da rana, manya su zo mata da dare.

A ranar 3 ga Maris 1865 majalisar Amurka ta kafa Hukumar 'Yantattun Bayi, aka ba Janar Oliver Howard shugabancinta. Sufeton makarantunta, John Alvord, ya zaga Kudu a ƙarshen shekarar, kuma abin da ya tarar ya ba shi mamaki. Duk inda ya kutsa, har wuraren da babu wani mishan da ya taɓa takawa, sai ya iske wani wanda ya ɗan iya haɗa baƙi ya tara jama'a a bukka ko rumfa yana koya musu. A rahotonsa na farkon 1866 ya kiyasta irin waɗannan makarantu aƙalla 500 ne. A Savannah, sojoji na shigowa, baƙaƙen garin suka kafa ƙungiyar ilimi a Janairun 1865, suka yi karo-karo, suka mai da wata tsohuwar kasuwar bayi aji. A Luwiziyana, da aka dakatar da harajin da ke riƙe makarantunsu, iyaye suka kai wa kwamandan soja takardar koke. Alvord ya ganta da idonsa, ya ce tsawonta ya kai ƙafa 30, tana wakiltar mutum 10,000, kuma da yawa ba su iya rubuta sunansu ba sai dai alamar gicciye suka yi. Duk lokacin da na karanta wannan sai jikina ya yi sanyi. Mutum bai iya rubuta sunansa ba, amma ya zo ya ce a ɗora masa haraji don ɗansa ya iya.

To, yaya makarantar ƙauye take a ido? Mafi yawa coci ce, ranar Lahadi ibada, sauran ranaku aji. Inda babu coci, sai tsohon ɗakin bayi, ko rumbun masara, ko a yi gayya a sare gumagumai a tada ɗaki guda. Benci katako ne da aka ɗora kan kututture, ba majingina. Littafin da ya fi yawo shi ne ɗan ƙaramin littafin koyon haruffa na Noah Webster mai shuɗin bango, gida guda ya samu ɗaya sai ya zaga unguwa. Malami kuwa yawon kwana yake yi, yau a gidan wannan, gobe a gidan wancan, kowa yana ƙoƙarin fito masa da mafi kyawun abin da ke tukunyarsa. Kuɗin makaranta wani ya ba da tsaba, wani masara, wani ƙwai ko kaza. Aji ɗaya za ka ga yaro ɗan shekara shida gefen kakarsa, suna bin babbaƙu tare. Gemu ba ya hana ilimi, a can an gani ƙuru-ƙuru. Ga kuma makarantar Lahadi, wadda ta fi ta kullum jama'a a karkara, saboda ita ce ranar da ba a zuwa gona, kuma baƙaƙe ne ke tafiyar da ita daga sama har ƙasa.

Booker T. Washington ya taso cikin wannan yanayi. An haife shi bawa a Bajiniya, bayan 'yanci iyalinsa suka koma Malden a Bajiniya ta Yamma, aka sa shi aikin dafa gishiri tun da asuba. Abu na farko da ya gane a rubuce shi ne lamba 18, wadda shugaban aiki ke zanawa a jikin gangunan mijin uwarsa. Bai san sunan lambar ba, siffarta kawai ya haddace har ya iya zana ta. Uwarsa ce ta nemo masa shuɗin littafin nan, ya riƙa fama da shi shi kaɗai. Daga baya ya kwatanta zamanin da cewa al'umma ce sukutum ta tashi za ta makaranta.

Me suke nema haka da zafi? Tsofaffi da yawa burinsu su karanta Littafi Mai Tsarki da kansu kafin su mutu, domin sun gaji da wa'azin da ba ya wuce bawa ya bi ubangidansa. Wasu wasiƙa suke so su rubuta, suna cigiyar uwa ko ɗa ko mata da aka sayar wata jiha shekaru da suka wuce. Jaridun coci-cocin baƙaƙe sun yi shekaru suna buga irin wannan cigiya, ana karantawa a gaban jama'a ranar Lahadi. Wasu kuma ƙuri'a. Amma idan ka tambaye ni, Malam, babban dalili a ƙauye shi ne lissafi, kuma a nan nake so ka ɗan tsaya da ni.

A Janairun 1865 Janar Sherman ya ba da umarnin a raba wa 'yantattu filayen gaɓar teku, iyali guda har eka 40. Shekarar ba ta ƙare ba Shugaba Andrew Johnson ya soke, aka mayar wa tsofaffin iyayen giji gandayensu. Mutum ya samu 'yanci amma ba shi da inda zai kafa garma. Abin da ya biyo baya shi ne noma-mu-raba. Mai ƙasa ya ba ka gona da alfadari da iri, ka ci bashin gari da nama da tufa a kantinsa ko na wani ɗan kasuwa har kaka, idan an cire auduga a auna, a raba, a cire bashi da ruwansa. Wa ke riƙe da ma'auni? Mai ƙasa. Wa ke riƙe da littafin bashi? Shi ne dai. Wa ya rubuta yarjejeniyar da ka yi wa alamar gicciye a watan Janairu? Shi. Ranar lissafi manomi zai tsaya da hula a hannu, a buɗe littafi a karanto masa lambobi, a ce bana ma ba ka fita ba, ana bin ka kaza, sai ka sake shekara. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Idan akwai yarinya 'yar shekara goma sha biyu a gidan da ta iya tarawa da ɗebewa, tana rubuta kowane awo na gari da aka karɓo tun bazara, to ranar lissafi ta sauya kama, ko da kuwa uban ba zai iya ɗaga murya ba. Aƙalla ya san nawa aka cuce shi, ya san badi ba zai sake zama a wannan gandun ba. Shi ya sa a wurare kamar Luwiziyana ma'aikata suka riƙa cewa ba za su sa hannu a yarjejeniya ba sai an rubuta cewa za a yi wa 'ya'yansu makaranta a gandun. Wasu masu ƙasa suka yarda ba don Allah ba, sai don sun ga inda babu makaranta ma'aikata ba sa zama.

Sai dai wannan noman da ya sa ake son karatu shi ne kuma ke cinye lokacinsa. Auduga ba ta san yaro ba. Lokacin noman ciyawa kowane hannu ana bukatarsa, lokacin cira kuma daga ƙarshen Agusta har sanyi ya shigo, yara ne kan gaba. Saboda haka shekarar karatu a ƙauye ta kan tsaya a wata uku ko huɗu, a tsinka ta biyu: 'yan makonni a tsakiyar zafi bayan an gama noma, sai kuma cikin hunturu, lokacin da yaro marar takalmi zai taka mil uku ko huɗu cikin taɓo. Ga ƙaura kusan kowace shekara daga gandu zuwa gandu. Kai da kake ganin ajinka ya rame da zarar damina ta kankama, wannan ba sai an yi maka dogon bayani ba.

Batun malamai kuwa, hoton da aka saba nunawa shi ne na farar budurwa daga Arewa da littafi a hannu. Masanin tarihi Ronald Butchart ya bi sunayen malamai sama da 11,000 da suka koyar da 'yantattu daga 1861 zuwa 1876, ya gano kashi ɗaya cikin uku baƙaƙe ne, rabin malaman kuma 'yan Kudu ne, sannan baƙaƙen sun fi daɗewa a bakin aiki. Hakan ba abin mamaki ba ne. A ƙauye mai nisa babu farar fatar da zai ba malamar Arewa masauki, kuma ƙungiyoyin mishan sun fi son gari, inda akwai soja kusa. Cikin baƙaƙen malaman akwai tsofaffin sojoji da suka koyi karatu a bariki. Ɗaya daga cikinsu namu ne na kusa: Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda aka fi sani da Nicholas Said, haifaffen Kukawa a Borno. An kama shi yana yaro, aka ƙetara Sahara da shi zuwa Tarabulus, daga nan Istanbul, daga nan Rasha, ya zaga Turai yana kwasar harsuna, ya isa Amurka, ya shiga rundunar baƙaƙe ta 55 ta Massachusetts a 1863. Da yaƙi ya ƙare bai koma arewacin Amurka ba, ya riƙa bin ƙananan garuruwan Jojiya da Alabama yana buɗe makaranta. Ɗan Borno da ya ɗanɗani bauta a wata nahiya, ga shi yana koya wa 'yantattun wata nahiyar haruffa.

Aikin akwai kasada. Ƙungiyar 'yan ta'addan farar fata ta Ku Klux Klan da ire-irenta sun mai da makaranta abin hari, musamman a karkara inda ba mai kawo ɗauki. An ƙone ɗakunan karatu da dare, an yi wa malamai bulala, an kori wasu, an kashe wasu. Shaidun da majalisar Amurka ta saurara a 1871 cike suke da wannan. Abin da ya fi yawa bayan gobara shi ne mutane su sake yin gayya su tada wani ɗakin.

Babbar nasarar zamanin a siyasa aka same ta. Kafin yaƙi yawancin jihohin Kudu ba su da tsarin makarantun gwamnati na kirki, ko ga talakan farar fata. Da aka zauna rubuta sabbin kundin tsarin mulki a 1868, wakilai baƙaƙe suka dage a sa makaranta kyauta. A Karolina ta Kudu su ne ma mafi rinjaye a zauren, Robert Smalls, bawan da ya gudu da jirgin ruwan 'yan tawayen Kudu a 1862, yana cikin masu tura maganar, Francis Cardozo kuma ya shugabanci kwamitin ilimi. Ɗan talakan Bature a Kudu ya ci albarkacin wannan, ko ya sani ko bai sani ba. Ana wata ga wata: Hukumar 'Yantattun Bayi ta daina aikin makarantu a 1870, aka rufe ta a 1872, gwamnatin tarayya ta janye hannunta daga Kudu a 1877, tsofaffin masu mulki suka dawo. Ba su rushe makarantun ba, yunwa suka sa musu. Alabama a 1891 ta yi doka da ta bar wa hukumomin ƙauye su raba kuɗin ilimi yadda suka ga ya dace. Jiha tana aiko da kuɗi bisa yawan yara duka, baƙi da fari, sai a karkatar da rabon baƙaƙen zuwa makarantar farare. Da aka raba baƙaƙe da ƙuri'a a shekarun 1890, babu sauran wanda zai ce uffan. Masanin nan baƙar fata, W. E. B. Du Bois, yana ɗalibi a jami'ar Fisk, ya koyar a wani ƙauyen Tenesi lokacin hutun 1886 da 1887, kuma ajinsa ɗakin gumagumai ne da wani mai gona ke ajiye masara a ciki, shekara ashirin bayan 'yanci.

Kwalejojin horon malamai ne suka hana wutar mutuwa. Hampton ta buɗe a 1868, can Washington ya yi karatu, sannan ya buɗe Tuskegee a Alabama ranar 4 ga Yuli 1881 da ɗalibai 30, a wata ruɓaɓɓiyar bukka kusa da coci, wadda idan ana ruwa sai ɗalibi ya riƙe masa laima yana koyarwa. Shi ya fi ba da ƙarfi ga noma da sana'ar hannu, Du Bois kuma ya ce al'umma ba ta tsayuwa sai da masu zurfin ilimi da haƙƙin ƙuri'a. Ra'ayina, koyon birkila da kafinta ba aibi ba ne, kuma Tuskegee ta cika ƙauyuka da malamai. Inda Du Bois ya fi gaskiya shi ne attajiran da ke ba da kuɗi sun so wannan tsari ne don ya zama iyaka, kada ɗan manomi ya wuce nan.

A 1907 wata attajira, Anna Jeanes, ta ba da dala miliyan 1 don makarantun ƙauye, aka riƙa ɗaukar ƙwararrun malamai, yawanci mata, suna zagaya makarantu. Ta farkonsu ita ce Virginia Randolph a 1908, 'yar tsofaffin bayi. Daga 1912 kuma Washington ya jawo Julius Rosenwald, shugaban kamfanin Sears, suka fara da makarantu 6 kusa da Tuskegee. Zuwa 1932 an gina kusan 5,000 a jihohi 15, da manyan tagogi saboda babu lantarki. Sunan Rosenwald ne a bakin mutane, amma dubi lissafin: asusunsa ya ba da kimanin dala miliyan 4.3, baƙaƙen ƙauye suka tara kimanin miliyan 4.7. Wasu sun ba da fili, wasu katako, wasu sun ware eka guda ta auduga suka ce wannan ta makaranta ce, mata suka soya kifi da kaji suna sayarwa. Kuma duk wannan bayan sun riga sun biya harajin da ke gina makarantar farare. Sau biyu suka biya.

Sakamakon yana cikin ƙidaya. A 1870 kusan kashi 80 cikin ɗari na baƙaƙen Amurka ba su iya karatu da rubutu ba, kuma yaro ɗaya cikin goma ne ke makaranta. A 1900 marasa karatu sun sauko kusan kashi 45, a 1930 kusan kashi 16. Amma kada lambar ta rufe maka ido ga abin da ya saura a lungu. Septima Clark, wadda aka haifi mahaifinta cikin bauta, ta je koyarwa tsibirin Johns a Karolina ta Kudu a 1916, ta tarar da yara 132 da malamai biyu. A tsallaken hanya makarantar farare na da yara uku da malama guda, albashinta ya ninka na Clark fiye da sau biyu. Shekara 41 bayan haka, a 1957, ita da wani ɗan tsibirin, Esau Jenkins, suka buɗe ajin manya a wannan tsibirin, domin dokar lokacin ta ce ba ka rajistar zaɓe sai ka karanta wani sashe na kundin tsarin mulkin jiha. Sun ɓoye ajin a ɗakin bayan wani kanti don kada farare su gane, suka ɗauko Bernice Robinson, mai gyaran gashi, ta zama malama. Mutum 14 suka zo a farko, da dare, a watannin sanyi da ba aikin gona. Ta tambaye su me suke so su koya. Suka ce su rubuta sunansu, su cike takardar aika kuɗi ta gidan waya, su karanta wasiƙar 'ya'yansu da suka tafi Arewa.